Zafin Bazara da Kuɗin Wuta: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu daga Maraɗi

Tun kafin hazon hunturu ya gama washewa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan magana ɗaya, wato zafin da ke tafe da abin da yake ci a aljihun magidanci. Na zaɓi uku da suka fito daga birnin Maraɗi na taƙaita su, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ta shafi sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a unguwar Zariya, da mata ɗaya da ƴaƴa biyar. Gidana ginin bulon siminti ne mai rufin kwano, ɗakuna uku da falo, kuma falon da ɗakina ne kawai ke da silin. Bara na sayi kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi na sa a ɗakina. Nakan kunna shi bayan isha'i har asuba, in ajiye shi a kan 16 don ɗakin ya yi saurin sanyi. A watan Janairu jika 14 na biya kuɗin wuta, amma takardar Afrilu ta zo mini da jika 56, alhali yara ba su samu barcin kirki ba a tsawon watan. Shin kontar ɗin da ke auna wutar gidan ne ya lalace? Ga bazara ta sake ƙaratowa, ina tunanin ƙara kilim na biyu a ɗakin yara amma ina tsoron kuɗin.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara rufa asiri. Kafin mu ɗora wa kontar laifi, bari mu yi lissafi tare. Kilim irin naka yana jan wat 1,200 ko kusa da haka a duk lokacin da injinsa ke aiki. Daga bayan isha'i zuwa asuba kimanin awa takwas ne, don haka idan injin bai huta ba zai ci kilowat-awa (ma'aunin da ake lissafa kuɗin wuta da shi) 9 da ɗoriya a dare guda, a wata kuwa abin ya doshi 290. Fankar sama wat 60 zuwa 75 take ja, a awannin nan takwas abin da za ta ci bai wuce rabin kilowat-awa da kaɗan ba, wato kimanin 17 a wata. Kilim ɗinka guda ɗaya yana cin abin da fanka 16 ko 17 za su ci ke nan. Ka haɗa wannan da cewa hukumar wutar lantarki ta Nijar, NIGELEC, hawa-hawa take lissafin wutar gida: da zarar abin da gida ya sha a wata ya haye wani adadi, sai farashin kowane kilowat-awa da ya biyo baya ya ƙaru. Wutar da kilim ya ci a saman ta firigo da fitilu da fankoki take hawa, saboda haka yawancinta a mataki mafi tsada ake biyanta. Shi ya sa kuɗin ya ninka fiye da yadda shan wutar ya ninka.

Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, gwajin mai sauƙi ne. Ka rubuta lambar da kontar ke nunawa da isha'i, ka sake rubutawa da asuba a daren da kilim ya kwana a kunne, sannan ka maimaita a daren da fanka kaɗai ta yi aiki. Bambancin lambobin biyu shi ne abin da kilim ke ci maka a kowane dare.

Lambar 16 da kake sa wa kilim ba ta sa ɗaki ya yi saurin sanyi. Lambar umarni ce ga injin cewa kada ya tsaya sai iskar ɗakin ta sauka zuwa digiri 16, kuma a daren Afrilu a Maraɗi, cikin ɗakin da bangonsa ya wuni yana shan rana, da wuya ta sauka can, sai injin ya kwana yana gudu ba hutu. Ka mayar da shi 26 ko 27, ka kunna fankar sama tare da shi a kan gudu na ƙasa, domin iska mai motsi tana sa jiki ya ji kamar an rage digiri biyu ko uku. A Japan, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ba, gwamnati ta fara kamfen tun 2005 na ajiye na'urorin sanyaya ofisoshi a kan digiri 28 a lokacin zafi. Ka kuma yi amfani da agogon da ke jikin rimot ɗin, ya kashe kilim wajen ƙarfe biyu ko uku na dare, lokacin da zafin iskar waje ya ragu, fanka ta ƙarasa aikin zuwa asuba.

Duk wannan rage asara ne, amma ainihin matsalar gidanka, Malam, a saman kanka take. Maraɗi tana kusan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, abin da ya sa a ƙarshen Afrilu rana take tsayawa cak a tsakiyar kai da azahar, har mutum ya ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. A wannan lokaci kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar zafin rana da ya kai wat 1,000. Ɗaki mai mita huɗu da huɗu yana da rufin murabba'in mita 16, ka ga zafin da ke sauka a kansa ya ninka ƙarfin kilim ɗinka sau da yawa. Ba dukan zafin ne ke shiga ɗaki ba, amma kwanon da ya tsufa ya yi tsatsa yana shanye mafi yawansa, ya yi zafin da tafin hannu ba zai iya jurewa ba, sannan ya riƙa zubo shi ƙasa a kan katifa da bango da kan yaro. Bangon bulo kuma, musamman na yamma wanda ranar la'asar ke duka, yana tara zafi ya riƙe, sai bayan magariba ya fara sakinsa cikin ɗaki. Kuɗin da kake biya na fitar da zafin da ka bari ya shigo ne tun da rana.

A bazarar bara an kira ni wani gida a Sabon Gari kan ƙorafi irin naka. Na isa bayan isha'i, na ce wa maigidan ya ɗora tafinsa a bangon yamma na ɗakin kwanansa daga ciki. Ya ɗora, ya janye, ya dube ni bai ce komai ba, domin bangon ɗumi yake kamar gefen tanda da aka daɗe da kashe wutarta. Na buɗe murfin kilim na zaro ragar tace iska, sai ga ta ta yi ja jawur da ƙurar hunturu, ta cushe har ba a ganin hasken fitila ta cikinta. Da muka zagaya baya, injin waje a bangon yamman nan aka kafa shi, an jingina tsofaffin kwanuka a gabansa don kare shi daga awaki, yana hura zafi yana sake shaƙar abinsa. A wannan daren muka wanke ragar da ruwan buta, muka kwashe kwanukan. Washegari ya kafa rumfar zana a jikin bangon, tazarar taku biyu, ya yi wa injin inuwa daga sama ba tare da toshe gabansa ba. Abin da ya kashe bai kai kuɗin wutar mako guda ba.

Shawarata ita ce kada ka sayi kilim na biyu, ka kai kuɗin ga rufin ɗakunan yara. Abu mafi arha shi ne farin fenti a bayan kwano, domin sabon fari yana mayar da mafi yawan hasken rana sama kafin ya zama zafi. A wanke kwanon, a kankare tsatsa, a shafa fentin da aka yi don ƙarfe. Farar ƙasa ta fi dacewa da rufin kankare da bango, a kan kwano ruwan farko zai wanke ta. Sai dai ƙura tana dusashe farin, don haka a riƙa wanke shi a farkon kowace bazara. Bayan fenti sai silin, kuma a nan ne magina da yawa ke kuskure: suna rufe sararin da ke tsakanin silin da kwano ruf, sai iskar da ke ciki ta tafasa ta rasa mafita ta dawo ɗaki ta jikin katakon. Ka sa a bar ƙofofin iska a bango biyu masu fuskantar juna a saman silin, a rufe su da ragar waya saboda jemagu da tsuntsaye. Idan kuɗin bai kai ba a bana, ka shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, ka ɗaga shi kaɗan da sanduna don iska ta bi ta ƙasansa, ka ɗaure shi da waya sosai saboda guguwar farkon damina, ka nesanta shi da murhu da wayoyin wuta, kuma ka sauke shi da zarar ruwa ya zauna domin jiƙaƙƙen zana yana cinye kwano.

Wannan dabara ta rufi biyu da iska a tsakani ita ce Francis Kéré, masanin zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, ya yi amfani da ita a makarantar firamaren ƙauyensu Gando da aka kammala a 2001, inda ya ɗaga kwano sama da rufin bulon ƙasa, kuma a 2022 ya samu kyautar Pritzker, mafi girma a wannan sana'a. A nan gida ma, masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, waɗanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018, da bulon ƙasa aka gina su. Ina kawo su ne saboda yana damuna yadda muka mai da ginin ƙasa alamar talauci. Soron kakanninmu mai kaurin bango da rufin azara da ƴan tagogi ƙanana a sama yana jinkirta zafin rana awanni da yawa kafin ya ratsa, shi ya sa har gobe za ka shiga tsohon zaure da tsakar rana ka ji sanyi ya tare ka. Duk mai shirin sabon gini ya yi tunani a kan wannan tun daga tushe, ya kuma juya dogayen bangayensa su fuskanci kudu da arewa, ya rage tagogi a gabas da yamma.

Ga bangon yamma, rumfa ce maganin bana, itace kuma maganin shekaru masu zuwa. Dogon yaro yana girma da sauri kuma yana riƙe ganyensa a tsakiyar bazara, sai dai a dasa shi nesa da tushen gini da ramin masai saboda saiwarsa. Taga kuma daga waje ake kare ta: labulen ciki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya ratso gilashi, amma tabarma ko asabari da aka rataya a waje suna tare shi tun bai shigo ba. Ɗakin da ya samu silin da inuwa a rufe shi tun hantsi, a buɗe tagoginsa bayan isha'i har wayewar gari don bango ya huce. Ɗakin da kwano ne tsirara a samansa kuwa ba a rufe shi da rana, domin iskar cikinsa ta fi ta waje zafi. A ɗakin kilim ka toshe ƙasan ƙofa da naɗaɗɗen tsumma, ka wanke ragar tace iska duk mako biyu, kuma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita ka jira minti uku zuwa biyar kafin ka kunna, domin tayar da injin nan take yana gajiyar da shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni uwargida ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, surukata tsohuwa tana zaune tare da mu kuma zafi yana wahalar da ita ƙwarai. Ba mu da halin kilim. Na ga maƙwabta da na'urar nan da ake zuba wa ruwa tana hura iska mai sanyi, wasu na yabonta wasu na cewa asarar kuɗi ce. In saya? Kuma me zan yi mata idan an ɗauke wuta da rana?

AMSA: Barka kadai, Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan kula da tsohuwa. Masu yabo da masu kushewa duk sun faɗi gaskiya, sai dai kowa da watan da ya gwada. Na'urar tana aiki ne irin aikin randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, kuma bushewar tana janye zafi daga abin da ke ciki. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. A cikin na'urar, fanka ce ke jan iska ta ratsa jiƙaƙƙen soso, ruwan ya bushe, iskar ta fito da sanyi. Wutar da take ci ta fanka ce da ɗan famfo, yawanci wat 100 zuwa 200, nesa ƙwarai da kilim. Sharaɗinta ɗaya ne, iska ta kasance busasshiya, kuma daga Maris zuwa farkon Mayu iskar Maraɗi busasshiya ce ƙamas, don haka a waɗannan watanni za ki ga amfaninta sosai. Da zarar iskar damina ta juyo, hadari ya fara taruwa, jiki ya fara danƙo, sanyinta zai ragu har ta koma fanka kawai. A lokacin sai ki daina zuba mata ruwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rufe ɗaki kamar yadda ake yi wa kilim. Idan aka rufe, danshi zai taru, ruwan ya daina bushewa, ɗakin ya koma kamar banɗaki bayan wanka. Ki ajiye ta a bakin taga ko ƙofa bayanta na shan iskar waje, ki bar wata tagar a buɗe a ɗaya ɓangaren. Ki sani tana shan ruwa, lita da yawa a wuni, sai ki sa kuɗin ɗan garuwa a lissafi idan famfonku ba ya kawowa kullum. Ki zubar da ragowar ruwan ki wanke tankin aƙalla sau ɗaya a mako, kada ya yi wari ko ya zama wurin hayayyafar sauro.

Game da Inna, akwai abin da nake so ki riƙe da kyau. Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa, kuma jikin tsoho ba ya gumi kamar na yaro, ba ya kuma jin ƙishirwa da wuri. Idan iskar ɗaki ta kai digiri 40, fanka a kan busasshiyar fata zafi take ƙara mata. Ki jiƙa mayafi mara nauyi ki matse ki lulluɓa mata a kafaɗa da ƙafafu, ki riƙa shafa mata ruwa a wuya da hannuwa, sannan a yi fifita ko a kunna fanka. Wannan yana aiki ko da wuta ko babu. Ki rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a tagar da iska ke shigowa. Ki ba ta ruwa a kai a kai ba sai ta nema ba, ki mayar da shimfiɗarta ɗakin da ya fi nesa da ranar yamma, ko ƙarƙashin itace a tsakar gida bayan an yayyafa ruwa a ƙasa. Idan kika ga ta fara ruɗewa a magana, ko jikinta ya yi zafi rau, ko ta suma, ki jiƙa ta da ruwa nan take a garzaya da ita asibiti ba tare da jira ba.

Don cefane kuma, akwai dabarar tukunya cikin tukunya wadda Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatir da tattasai da yalo suna yin kwanaki a ciki, kuma hakan zai rage yawan buɗe firigo, wanda shi ma ya kamata a janye shi daga bango da tsawon tafin hannu a nesanta shi da murhu.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne, ina haya a shago ɗaya a Bagalam, a nan nake aiki a nan nake kwana. Ina so in sa sola don in samu fanka ko da an ɗauke wuta. Zai iya ɗaukar ƙaramin kilim?

AMSA: Ɗana, ka cire kilim daga lissafi, domin batirin da zai riƙe shi tsawon dare ya fi ƙarfin jarin shago ɗaya. Fanka kuwa abu ne mai yiwuwa. Ka nemi wadda ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, irin wannan wat 15 zuwa 30 take ja, kuma faifan sola mai wat 100 zuwa 150 da batir ɗaya mai kyau za su riƙe ta tare da fitilar LED da cajin waya. Kada ka tsallake ƴar na'urar daidaita caji da ake sawa tsakanin faifan da batir, ita ce ke hana batirin mutuwa da wuri, kuma ka ajiye batirin a ƙasa cikin inuwa saboda zafi yana rage masa kwana. Faifan ma zafi da ƙura suna rage ƙarfinsa, don haka ka ɗaga shi daga jikin kwano iska ta bi ta ƙasansa, ka riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya ɗau zafi. Idan akwai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 a shagon ka canza shi da LED mai wat 9, haskensu ɗaya amma tsohon yana ƙara maka zafi, kuma ka tara gugar kayanka ka yi ta da safe a bakin ƙofa maimakon da rana a cikin shago. Tunda haya kake, ka nemi izinin mai shagon kafin ka hau rufi, ka kuma tambaye shi ko zai yarda ku raba kuɗin farin fenti a cire rabonsa daga kuɗin hayar wata.